Yadda Ake Duba Babbar Mota Da Bas Kafin A Hau Titi, Da Yadda Ake Tsayawa Gaban Jami'an Bincike

Jami'in hukumar kiyaye haɗurra da ya tsayar da tirela a hanyar Kaduna zuwa Abuja 'yan mintuna kaɗan yake da su a kanta. Zai karɓi takardu, ya zagaya motar, ya leƙa tayoyi, ya ce a taka birki ya ga fitilar baya, ya tambayi tukunyar kashe gobara. A bayansa kuma ga layin motoci ana ta danna oda. Ba zai shiga ƙarƙashin mota ya ga ko an toshe bututun iskar birkin bodi ba, ba kuma zai san cewa tun daga Ogere, can hanyar Legas zuwa Ibadan, direban bai runtsa ba. Waɗannan abubuwan kuwa su ne masu kashe mutane.

Saboda haka binciken da ke tsare rai shi ne wanda direba da yaron motarsa suke yi da hannunsu a gareji ko a tasha, kafin a ɗora kaya. In an yi shi yadda ya kamata, na kan hanya ya zama tisawa kawai. Abin da ke biye jeri ne da za ka iya gamawa cikin kamar rabin awa in hannunka ya saba, kuma ya shafi mai tirela, mai tanka, mai gingimari da mai bas ɗin fasinja.

Mataki na farko: takardu, tun kwana biyu kafin tafiya

Kada ka bari sai ranar lodi ka buɗe jakar takardu, domin in wata ta ƙare ba a yini guda ake sabunta ta ba. Fara da lasin ɗinka. A tsarin Najeriya lasin rukuni-rukuni ne: mai jan tirela ko tanka yana buƙatar rukunin G, rukunin E kuma ya ishi mai bas da sauran motocin haya waɗanda ba masu kai da bodi ba. Wanda ke riƙe da rukunin B na ƙaramar motar gida ya hau kan DAF, a idon doka bai da lasin motar da yake ja. Ana ba da lasin na shekara 3 ko 5, ka duba ranar ƙarewarsa a jikin katin.

Sai takardun motar: lasin mota na shekara, shaidar mallaka, takardar izinin haya, da takardar shaidar lafiyar mota wadda ofishin VIO na jiha, wato masu duba lafiyar motoci, ke bayarwa. A jihohi da dama ta motar haya wata shida take yi. A nan ne ɓarna ta yi yawa. Mutum ya miƙa wa ɗan kamasho kuɗi, da yamma a kawo masa takarda mai hatimi, alhali motar ba ta taɓa taka harabar VIO ba. Takardar za ta iya wuce da kai shinge, amma ba wanda ya duba maka birki. Ka kai motar da kanka. In jiharku tana da wurin gwaji na kwamfuta, inda ake ɗora tayoyi kan nadi a auna ƙarfin kamun birkin kowace ƙafa, ka nemi su ba ka sakamakon a rubuce, ka kai wa bakanikenka.

Inshora ma haka take. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta NAICOM ta ɗaga kuɗin inshorar da ke biyan wanda ka yi wa ɓarna: naira 15,000 ga ƙaramar motar gida, naira 100,000 ga babbar motar dakon kaya. Duk wanda ya kawo maka ta tirela a kan 'yan dubbai, ka san ta bogi ce. Akwai rumbun bayanai na NIID a intanet, ka sa lambar motarka ka gani ko inshorarka tana ciki. Tun 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara matsa lamba a kanta.

In mai motar yana da motoci biyar ko fiye, akwai ƙarin nauyi a kansa. Tsarin RTSSS na kula da masu tarin motoci, wanda hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta ƙaddamar a 2007, ya wajabta masa yin rajista, ya ajiye jami'in kula da tsaron lafiyar motoci, ya riƙe tarihin gyaran kowace mota da na horon kowane direba. Jami'ai kan je har harabar kamfani su duba. Kai direba, wannan tsari gatanka ne, domin shi ya ba ka hurumin cewa a rubuta matsalar da ka kai rahoto.

Mataki na biyu: tayoyi

Ka duba taya da sassafe tana sanyi. Iskar taya tana ƙaruwa in ta yi zafi, don haka awon da aka yi bayan tafiya ruɗi ne. Ka sa mai faci ya auna da geji, kada ka tsaya a bugun taya da ƙarfe. Bugu yana gaya maka wadda ta sace gaba ɗaya, amma ba ya gaya maka wadda ta rage kashi ɗaya cikin biyar, ita kuwa wannan ce ke ɗaukar zafi a hankali har ta fashe tsakanin Zariya da Kwanar Dangora a cikin ranar watan Afrilu. Kuma kada ka taɓa rage wa taya iska don ka ji ta yi zafi a hanya. In ta huce za ta koma ƙasa da ƙa'ida.

Kowace taya tana ɗauke da ranar ƙirarta a gefe. Ka nemi rubutun da ya fara da DOT, lambobi huɗun ƙarshe su ne sati da shekara. In ka ga 2321, an yi ta a sati na 23 na 2021. FRSC tana ɗaukar tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙira a matsayin wadda wa'adinta ya ƙare, ko da zanenta yana nan raɗau. Roba tana tsufa ko ba a mora ta ba, balle wadda ta sha rana a kasuwa. Masu sayen taya 'yar Kwatano su fi kowa kula da wannan lamba.

Zurfin zane kada ya gaza milimita 1.6, kuma a tayar gaba ta babbar mota ni ba zan yarda ya kusanci nan ba. Ka shafa hannu a kan zanen. In gefe ɗaya ya fi cinyewa, saitin ƙafa ya goce. In tsakiya ce ta cinye, iska ta yi yawa. In gefe biyun ne, iska ta yi kaɗan. Ka duba kumburi, tsagewa da wayar da ta leƙo. Tayar da aka yi wa sabon bango ko aka sake sassaƙa mata zane ba ta da gurbi a gaba ko kaɗan. In ta baya ta fashe kana iya lallaɓawa ka tsaya, in ta gaba ta fashe kana da lodi, sitiyari ya bar hannunka.

A tayoyin baya masu zama biyu-biyu, ka leƙa tsakaninsu. Dutse kan maƙale a wurin ya yi ta cin bangon taya. Ka tabbata su biyun tsayinsu ɗaya, in ba haka ba doguwar ce za ta ɗauki nauyin duka. Sai notuna: ka bi su ɗaya-ɗaya da sifana. In ka ga jan layin tsatsa ya zubo daga ƙarƙashin noti, ko wurin ya yi ƙyalli kamar an goge, notin yana motsi. Bayan an canza taya, a sake ɗaure notunan in an yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100. Safaya kuma ta zama mai iska, ba wadda aka rataya don a nuna wa jami'i ba.

Mataki na uku: birki

A nan za ka fi daɗewa, kuma ya cancanta. A ranar 28 ga Yunin 2018 wata tankar mai ta ƙwace a gadar Otedola da ke Legas, ta kama da wuta, motoci sama da 50 suka ƙone, aka rasa rayuka. Hukumomi sun danganta abin da matsalar birki. Birki ba ya lalacewa a rana ɗaya, yana daɗewa yana ba da alama.

Ga yadda ake gwada birkin iska. Ka sa mota a shimfiɗaɗɗen fili ba gangare, ka sa waigi a tayoyi.

Ka tayar da inji ka zuba wa agogon iska ido. Allura ta riƙa hawa ba tsayawa har ta kai inda kwamfaresa ke yankewa, za ka ji ƙarar fitar iska, tsss, daga ƙasa. A yawancin motoci wurin yana daga 8 zuwa sama a ma'aunin iska na bar, gwargwadon ƙirar motar, ka san na taka. In kullum sai ka daɗe kana taka totur kafin iska ta cika, ko kwamfaresa ta gaji ko akwai yoyo.

Da ta cika, ka kashe inji, ka saki birkin hannu, ka taka birkin ƙafa ka riƙe shi minti ɗaya cur. Allura za ta ɗan faɗa da farko, sannan ya kamata ta tsaya. Ƙa'idar da ake koya wa direbobin manyan motoci a Amurka ita ce kada ta sauka fiye da psi 3 (ma'aunin ƙarfin iska ne) a minti ga mota mai jiki ɗaya, ko psi 4 ga mai kai da bodi. Ma'auni ne mai kyau a ko'ina. Kana riƙe da birkin, yaron mota ya zagaya yana kasa kunne. In ya ji huci, a haɗa ruwan omo a shafa a mahaɗar bututu, inda ya yi kumfa nan yoyon yake.

Sai ka kunna makulli ba tare da tayar da inji ba, ka yi ta taka birki kana saki don iska ta ragu. Kafin ta yi ƙasa sosai dole jar fitila ta kama ko ƙararrawa ta yi kuka. Motoci da yawa an cire musu wannan ƙararrawa saboda wai tana damun direba. A mayar da ita. Ita kaɗai ce za ta gaya maka iska tana gudu kana cikin tafiya, tun kana da sauran abin tsayawa. Ka ci gaba da rage iskar har birkin sifirin ya kama da kansa. In iska ta ƙare tayoyi ba su kulle ba, motar nan ba ta fita.

Yanzu ka shiga ƙarƙashi. Kowane tankin iska yana da bawul a ƙasansa, ka ja shi. In ruwa ya fito, ka bar shi ya tsiyaye duka, kuma ka riƙa yin haka kullum, musamman da damina. In abin da ya fito baƙi ne mai maiƙo, kwamfaresa tana tura mai cikin layi, kuma man nan yana cinye robobin bawul. Ka duba kaurin fatar birki, ka duba ganga ko ta tsage, ka duba ko man ƙafa ya zubo ya jiƙa fatar. Fatar da ta sha mai ba ta kamu, wanke ta da fetur ba ya maganin komai, canzawa ake yi. A taka birki kana kallon sandar da ke fitowa daga tukunyar birkin kowace ƙafa. In wata tana fitowa da tsawo fiye da 'yan'uwanta, saitinta ya sake, kuma ƙafar nan ba ta aiki yadda ya kamata.

Akwai al'adar da kowa a gareji ya sani: tukunyar birkin ƙafa ɗaya ta fara yoyo a hanya, sai a naɗe bututunta a ɗaure da waya, a ce in an isa gida a gyara. An isa gida, lodi ya samu, aka sake fita. Wata na biyu an toshe ƙafa ta biyu. Daga nan sai ka tarar da tirela mai ɗauke da tan 30 na siminti kan mota kaɗai ke tsayar da ita. A fili ba za ka gane ba, domin motar tana tsayawa. Ranar da ka biyo gangaren Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga, 'yan ƙafafun da suka rage za su ɗauki zafi, ganga ta buɗe, fata ta ƙone, feda ta zama ba ta da amfani. Ka ƙirga ƙafafun motarka, ka tabbata kowace tana da bututunta a haɗe. In mai mota ya ce ka lallaɓa, ka ce masa, "Alhaji, a yi haƙuri, a gyara tukuna." Kuɗin tukunyar birki ba ya kama ƙafar kuɗin mota, balle ran mutum.

Ka gwada birkin inji shi ma. Shi ne abin dogaro a gangare: a sauko da giya tun kafin a fara gangarawa, a bar inji ya riƙe motar, birkin ƙafa a riƙa taka shi da ɗan ƙarfi ana saki. Sakin mota a firi don tsimin gas ganganci ne, domin inji na tafiya a hankali kwamfaresa ba ta cika iskar da kake ƙonawa.

Mai bas mai birkin ruwa, naka gwajin ya fi sauƙi. Ka duba man birki a kwalbarsa. Ka taka feda sau uku, ka riƙe da ƙarfi na daƙiƙa biyar. In tana nitsewa a hankali akwai yoyo, in tana da laushi iska ta shiga layi. In kullum sai ka ƙara man birki, ka nemi inda yake zuwa.

Daga ƙarshe, ka ja motar a hankali cikin gareji ka taka birki. In ta ja gefe ɗaya, ƙafafun ba su kama daidai ba.

Mataki na huɗu: mahaɗar kai da bodi, sitiyari da fitilu

Ka haska tocila ƙarƙashin bodi ka ga cewa muƙamuƙin farantin da bodi ke zama a kai ya kama ƙusar bodi ruf, hannun makullin ya koma wurinsa, kuma babu rata tsakanin farantin da cikin bodi. Ka ja birkin bodi, ka sa giya ta ɗaya ka ɗan fizga. In ya riƙe, ya kamu. Bututun iska biyu da wayar wuta kada su ja ƙasa ko su goga jikin ƙarfe, robobin bakinsu kuma su zama lafiyayyu. A ɗage ƙafafun tsayuwar bodi har sama.

Sitiyari: inji na aiki, ka juya shi hagu da dama a hankali. In ya yi wasan da ya wuce kamar santimita 5 kafin taya ta motsa, a duba tayarod da akwatin sitiyari. Ka leƙa sifirin ko akwai ganyen da ya karye ko ya zame. Bakin mai, ruwan lagireto da belin inji, waɗannan kowane direba ya san su.

Fitilu kuwa aikin minti biyu ne: kai a ciki, yaro a waje. Babbar fitila da ƙarama, sigina huɗu, fitilar birki, ta baya, ta lamba. Ka goge tef mai ƙyalli na gefe da bayan bodi, domin FRSC tana nemansa a jikin manyan motoci, kuma shi ke nuna wa mai ƙaramar mota cewa duhun da ke gabansa tirela ce. Madubi biyu, waifa, oda. Tukunyar kashe gobara allurarta ta kasance a kore, girmanta ya dace da motar, kuma a rataye ta inda hannu zai kai, kada a binne ta ƙarƙashin katifa. Alamar tsayawa mai kusurwa uku, jak, waigi na katako ko ƙarfe, da akwatin agajin gaggawa.

Mataki na biyar: lodi

Nauyin da mota za ta ɗauka yana rubuce a farantin da ke jikinta da cikin takardunta. Ƙara ganyen sifirin ko ɗaga bangon bodi ba ya ƙara wa birki ƙarfi. Kaya masu nauyi su zauna ƙasa, a raba su daidai hagu da dama, kada a tara su a wutsiya. Yashi, tsakuwa da duk abin da ke zuba a rufe da tamfol. Bayan tafiyar awa ɗaya ka tsaya ka sake jan igiyoyi, domin kaya kan zauna su saki.

Mai kwantena, makullai huɗun kusurwa dole a murɗa su su kulle. A ranar 29 ga Janairun 2023 kwantena ta faɗo daga kan mota a gadar Ojuelegba a Legas, ta danne wata bas ɗin haya, mutum tara suka rasu. Sarƙa ɗaya da aka yafa a sama ba ta maye gurbin makullan nan.

Sai abin da ya fi damun mu a Arewa: ɗora mutane a kan kaya. Tirela ta ɗauko shanu, albasa ko buhunan hatsi za ta kudu, a samanta matasa talatin ko fiye sun zauna a kan katako. Na san dalili, kuɗin bas ya fi ƙarfin talaka, direba da yaransa kuma suna samun na cefane. Amma mutumin da ke saman lodi ba abin da ke riƙe da shi. Motar da za ta kwanta a kwana direba ya fito da ƙurjewa, ita ce za ta watsar da mutum talatin a kwalta, buhuna su biyo su. FRSC tana kama masu wannan lodi tana gurfanar da su gaban kotun tafi-da-gidanka, kuma a ganina shugabannin tasha na ƙungiyar direbobi ta NURTW da ta masu motoci ta NARTO su ne suka fi kowa ikon hana shi, tun daga inda ake lodin.

Mai tanka, naka ya fi na kowa nauyi. A defo akwai jami'an FRSC da ke duba mota kafin a ba ta izinin lodi, suna duba birki, taya, lasin da bawul ɗin da ke hana mai zuba in mota ta faɗi. Kada ka nemi hanyar zagaye su. Ka duba murafan sama sun rufe da robobinsu, bawul na ƙasa ba ya ɗiga, wayoyin batir ba a tsirara suke ba. Ka tuna tankin da bai cika ba ya fi wuyar sarrafawa, domin man yana tunkuɗa motar gaba in ka taka birki, yana jefa ta gefe a kwana. A Majiya ta jihar Jigawa, ranar 15 ga Oktoban 2024, tanka ta faɗi, mai ya malala, jama'a suka taru ɗiba, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. Wata uku bayan nan, ranar 18 ga Janairun 2025, aka sake yin irinsa a mahaɗar Dikko ta jihar Neja. Bayan haka ne hukumar kula da harkar man fetur ta NMDPRA ta hana lodin tanka mai lita 60,000 daga 1 ga Maris na 2025. In Allah ya ƙaddara tankarka ta faɗi kana da rai, aikinka na farko shi ne kashe inji, korar mutane nesa da kiran 122, lambar gaggawa ta FRSC. Kada a tayar da janareta kusa da man da ya zuba.

Mai bas, yawan fasinja shi ne yawan kujerun da aka yi rajista da su. Bencin da aka ƙara a bayan direba da mutum biyu a kujerar gaba duk lodin wuce ƙima ne. Kayan da aka tula a rufi suna sa bas ta yi saurin kifewa in taya ta fashe. Jarkar fetur ba ta shiga cikin fasinja. Ƙofa ta buɗu daga ciki ba sai an zagayo ba. A cike takardar sunayen fasinja kafin a tashi, da lambar wayar ɗan'uwan kowa, a bar kwafi a tasha. Ranar da abu ya faru, da ita ake nemo dangin mutane.

Mataki na shida: kai kanka

Iyakar gudun tirela da tanka kilomita 60 ne a awa a babbar hanya mai tagwaye, 50 a sauran manyan hanyoyi, 45 a cikin gari. Bas da tasi 90, 80 da 50. Tun 1 ga Fabrairun 2017 FRSC take tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu. Wasu kan sa ta don karɓar takarda, su cire wayarta da sun bar gari. Motar da ta ninka gudunta, nisan da take buƙata kafin ta tsaya ninki huɗu yake zama, wannan lissafi ne da ba ya canzawa don direba gwani ne.

Hukumar tana shawartar direba ya tsaya ya huta bayan kowace awa huɗu. Ka yi amfani da tsayuwar ka zagaya mota: ka kusantar da bayan hannunka ga kowace ƙafa, wadda ta fi sauran zafi ko birkinta yana riƙewa ko boris ya fara ci, wadda kuma take sanyi ƙalau bayan gangare ba ta kamu sam. Tiramol da sauran ƙwayoyin hana barci ba sa kore gajiya, ido ne a buɗe amma ƙwaƙwalwa ta tafi. In barci ya zo, ka shiga wurin ajiye manyan motoci irin na Tafa ko Mararrabar Jos ka kwanta, kada ka tsaya a kan kwalta.

In mota ta lalace a hanya, ka fitar da ita daga titi gwargwadon iko, ka kunna sigina huɗu, ka sa waigi, ka kai alamar kusurwa uku nesa da baya, taku hamsin ko fiye, in a kwana ne ka kai ta gaban kwanar. Ganye ba ya ƙyalli da dare. In kun gama gyara, ku kwashe duk dutsen da kuka sa.

Mataki na bakwai: in an tsayar da kai

Ka san wanda ke gabanka. FRSC, wadda aka kafa a 1988, hukumar tarayya ce. VIO na jiha ne, aikinsu lafiyar mota da gwajin direba. Akwai kuma hukumomin jihohi kamar KAROTA a Kano, KASTLEA a Kaduna da LASTMA a Legas, kowace da dokar jiharta. A Oktoban 2024 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa jami'an VIO na Abuja ba su da hurumin tsayar da mota a hanya, kama ta ko cin tara. Wannan hukunci bai ɗauke maka wajibcin takardar lafiyar mota ba, kuma bakin titi ba wurin jayayyar shari'a ba ne.

Da an ɗaga maka hannu, ka sa sigina, ka rage gudu a hankali, ka sauka gefe inda ba za ka tare hanya ba. Ka ja birkin hannu, yaro ya sa waigi. Ka yi sallama, ka miƙa takardu a jere cikin jaka ɗaya. In ya ce zai duba mota, ka bi shi ku zagaya tare, abin da ya nuna ka kalla da idonka. In gaskiya ne, ka karɓa. Yaran mota su yi shiru, yawancin rigimar shinge daga bakinsu take tashi.

In an same ka da laifi, jami'in FRSC zai rubuta maka tikiti mai ɗauke da sunan laifin, kuma yana iya riƙe lasin ko takardun mota har ka biya. A jadawalin da aka daɗe ana aiki da shi, lodin wuce ƙima naira 10,000 ne, tuƙin ganganci naira 50,000, yunƙurin ba jami'i cin hanci shi ma laifi ne mai tarar naira 10,000. Ana biyan tara ta banki ko ta Remita zuwa asusun gwamnati, ba a hannun kowa ba. Ka karanta tikitin kafin ka bar wurin, ka tabbata lambar mota da laifin da aka rubuta daidai suke, ka lura da ofishin da za ka je karɓar takardunka. Ka ajiye rasit.

In kana ganin an zalunce ka, ka riƙe sunan da ke ƙirjin jami'in, lambar motar sintirinsu, wuri da lokaci. Ka kai ƙorafi ga kwamandan ofishin da suka fito ko babban ofishin jiha, ka sanar da shugabannin ƙungiyarku, kuma kana da damar ƙin amsa laifin ka bari kotu ta raba ku.

In laifin na lafiyar mota ne, kamar taya ko birki, biyan tara bai gyara shi ba. Ka sayi ƙaramin littafi ka ajiye a mota. Duk abin da jami'i ya nuna, da duk abin da kai ka gano da safe, ka rubuta shi da kwanan wata, ka nuna wa mai mota ko manajan kamfani ya sa hannu, ka ɗauki hoton shafin da wayarka. In an gyara, bakanike ya rubuta abin da ya canza a ƙasan wannan layin, kai kuma ka sake gwada wurin da hannunka kafin a kira masu lodi.